Zauren Shawara: Harajin Da Ke Bin Mutum Har Bayan Teku

 Maganarmu ta wannan karo a kan haraji take, amma ba harajin Ingila da kuka saba da shi ba. Wani haraji ne da ke kan waɗansu 'ya'yanmu da jikokinmu, su ba su sani ba, mu iyaye ma ba mu sani ba.

Ga abin da ya kawo maganar. Wata Juma'a mun sauko daga babban masallacin Landan da ke gefen Regent's Park, muna gangarowa wajen kasuwar Church Street a unguwar Marylebone, wadda mutanen gari ke kira Malibon, sai wani dattijo daga cikinmu ya ja mu gefe, ya zaro takarda daga aljihu. Banki ne ya rubuto wa ɗansa. Ɗan nan tela ne, yana da kekensa, yana ɗinka wa mutanenmu riguna da kayan biki, ba ya ƙarƙashin kowa. Bankin ya ce ya ga a takardunsa an haife shi a Nuyok, saboda haka ya kawo lambarsa ta haraji ta Amurka. Dattijo ya ce, "Malam, yaron nan yana shekara uku muka baro Bronx, bai sake taka ƙasar ba. Harajinsa a nan yake biya kowace shekara. Me ya haɗa kifi da kaska?" Muka ce, "Alhaji, wurin haihuwa ne ya haɗa su." Muka yi masa alkawarin za mu shimfiɗa maganar a wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai ne mai irin wannan ɗa ba.

Dattawan da suka tashi a Arewa sun tuna yadda haraji yake a zamanin En'e. Mai unguwa ya rubuta sunan mutum a littafi. Ko mutum ya tafi cin rani Kurmi, ko ya bi fatake Gwanja neman goro, sunansa yana nan, in lokaci ya yi sai ya aiko ko dangi su biya masa. Wannan haraji da jangali an soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa. To, littafin Amurka irin na mai unguwa ne. Galibin ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne a kan wanda ke zaune a cikinsu, in ya tashi ya bar ƙasar sai su sake shi. Amurka kuwa kan ɗan ƙasa take bi duk inda ya sauka. Ta fara taɓa 'yan ƙasarta mazauna waje tun zamanin yaƙin basasarta, watau 1861 zuwa 1865, kuma a 1924 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da haka a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Meziko mai suna Cook. Ban da ita, Eritiriya ce aka sani da bin 'yan ƙasarta mazauna waje, ita kuma kashi 2 cikin ɗari take karɓa.

Su wa ke cikin wannan littafi? Na farko, wanda aka haifa a ƙasar. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868 shi ya sa 'ya'yanmu da aka haifa a Bronx ko Shikago a shekarun 1990 da 2000 suka zama 'yan Amurka, ko an karɓar musu fasfo ko ba a karɓa ba. Na biyu, wanda ya yi rantsuwa ya zama ɗan ƙasa, kāna ya tattara ya dawo Landan ko Kumasi. Na uku, mai koren katin zama. Shi ma barin ƙasar kawai ba ya share sunansa, sai ya mayar da katin ta hanyar hukuma.

Kada wani ya ce wannan doka a takarda kawai take. Ku dubi abin da ya sami Boris Johnson. A Nuyok aka haife shi a 1964, yana ɗan shekara biyar iyayensa suka baro ƙasar da shi. Ya girma a nan, har ya zama magajin garin Landan a 2008. Da ya sayar da gidansa na Islington, Ingila ba ta nemi kome ba, domin ba ta karɓar haraji a kan ribar gidan da mutum ke zaune a ciki. Amurka kuwa dala 250,000 kaɗai take yafe wa mutum ɗaya daga irin wannan riba, abin da ya haura sai an biya. A watan Nuwamba na 2014 ya fito fili ya ce ba zai biya ba. A farkon 2015 aka ji ya biya. A 2016 ya ajiye zamansa na ɗan Amurka, a 2019 ya zama Firayim Minista. In magajin gari bai kuɓuta ba, ina ga tela?

To, yanzu ga abin da ke kan mai sana'ar kansa, watau wanda ba albashi yake ɗauka ba: tela, da direban tasi, da mai kitso, da mai aika kaya Tema ko Legas, har da likitocin Harley Street a nan Marylebone masu buɗe ɗakin duba marasa lafiya na kansu. Dokar ba ta bambanta su ba. Duk ɗan Amurka da ribar sana'arsa ta kai dala 400 a shekara, bayan ya fitar da abin da ya kashe wajen sana'ar, lalle ne ya cika takardar haraji mai lamba 1040 ya aika wa hukumar harajin ƙasar, wadda ake kira IRS. Ku lura, dala 400 ne a shekara guda, ba a wata ba. Da dala ake lissafin, kuma shekararsu daga Janairu take zuwa Disamba, alhali ta Ingila daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu. Saboda haka wanda ba ya rubuta cinikinsa wata-wata zai sha wahalar raba lissafi gida biyu.

Ranar aikawa 15 ga Afrilu ce. Mazaunin waje an ƙara masa wata biyu, zuwa 15 ga Yuni, ba sai ya roƙa ba. In ya roƙa da takarda mai lamba 4868 sai a kai shi 15 ga Oktoba. Amma jinkirin na takarda ne kawai. In akwai kuɗin da ake binsa, ruwa yana hawa kansu tun daga 15 ga Afrilu.

Cika takarda dabam, biyan kuɗi dabam, kuma a nan hankalin mutane da yawa zai kwanta. Abin da Amurka ke nema a wurin mai sana'a iri biyu ne. Akwai harajin abin da ya samu, akwai kuma kuɗin asusun tsufa da na maganin tsofaffi.

Game da na farko, akwai garkuwa biyu. Ɗaya ita ce takarda mai lamba 2555. Wanda mazauninsa na gaskiya yana waje, ko wanda ya yi kwana 330 cikakku a wajen Amurka cikin wata 12, yana iya cire abin da ya samu da guminsa daga lissafi, har dala 130,000 a shekarar 2025. Amma 'yan kasuwa su buɗe kunne a nan. Gumi aka ce. Kuɗin hayar gida ba gumi ba ne, ribar sayar da gida ma haka. Kuma in sana'ar ta jari ce, watau jarin ne babban abin da ke kawo riba, kamar mai sarin atamfa da shadda, to ba a ɗaukar fiye da kashi 30 cikin ɗari na ribar a matsayin gumi. Tela zai fake a wannan garkuwa da dukan jikinsa, mai sarin yadi kuwa kansa kaɗai zai rufe.

Garkuwa ta biyu ita ce takarda mai lamba 1116. Da ita mutum yake nuna harajin da ya riga ya biya a ƙasar da yake zaune, a cire shi daga abin da Amurka ke binsa. Ga misali da ɗan Alhaji. A ce ribarsa fam 30,000 ce a shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026. Ingila tana yafe fam 12,570 na farko, saura fam 17,430. Kashi 20 cikin ɗari na wannan shi ne fam 3,486. Da yake harajin Ingila yakan fi na Amurka nauyi, sau da yawa in aka cire sai a tarar ba a binsa ko sisi. Amma ba a samun wannan sauƙi sai an cika takarda an nema. Wanda ya yi shiru bai nemi kome ba.

Na biyun, watau kuɗin asusun tsufa, shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ma'aikaci a Amurka yana biyan rabi, mai gidansa yana biyan rabi. Mai sana'ar kansa shi ne yaro shi ne mai gida, saboda haka duka biyun suna kansa: kashi 12.4 na asusun tsufa da kashi 2.9 na magani, jimla kashi 15.3 cikin ɗari. Garkuwoyin nan biyu da muka ambata babu wadda ke tare wannan. Ko an yafe wa mutum harajin samu gaba ɗaya, wannan yana nan daram.

Abin da ke tare shi guda ɗaya ne. Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashe wajen 30 domin kada mutum ya zuba wa asusun tsufa biyu a lokaci guda. Tata da Ingila ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1985. Bisa ga ita, mai sana'ar kansa yana zubawa ne a ƙasar da yake zaune. Ɗan Alhaji yana zaune a Landan, saboda haka inshorar ƙasa ta Ingila ce a kansa, kashi 6 cikin ɗari na waccan fam 17,430, watau wajen fam 1,046. Sai ya nemi takardar shaida daga hukumar harajin Ingila, HMRC, cewa a nan yake zubi, ya riƙa haɗa kwafinta da takardarsa ta Amurka kowace shekara. Da wannan takarda kashi 15.3 ya faɗi.

Yanzu ku saurara da kyau, dattawa. Cikin ƙasashen nan wajen 30 babu Gana, babu Nijeriya, babu Nijar. Mu kuwa al'adarmu ce in yaro ya kawo ƙarfi mu ce ya koma gida ya riƙe shago, ko ya tsaya a kan kayan da muke aikawa. Ran da ɗan Alhaji ya naɗe kekensa ya koma Kumasi, ko Nima, ko Kantin Kwari a Kano, wannan rumfa ta yaye daga kansa. A ce ya sami ribar dala 20,000 a shekara a can. Ana lissafin kuɗin ne a kan kashi 92.35 cikin ɗari na ribar, watau dala 18,470, kuma kashi 15.3 na wannan ya kama wajen dala 2,826. Wannan zai aika Amurka kowace shekara, ban da abin da hukumar harajin Gana ko ta Nijeriya za ta karɓa. Kuma wanda ake binsa dala 1,000 ko fiye a shekara ana so ya riƙa biya kashi-kashi, sau huɗu, kada ya jira ƙarshen shekara. Gaskiya kuɗin ba faɗuwa suke yi a rijiya ba. Wanda ya yi zubi na kimanin shekara goma yana da hakkin fansho daga Amurka in ya tsufa. Amma gara mutum ya shiga da saninsa, ya sa abin cikin lissafin kasuwarsa tun farko, da a wayi gari bashin shekara bakwai ya taru a kansa.

Saura maganar banki, wadda ita ta kai Alhaji ga zaro takarda. A 2010 Amurka ta yi wata doka da ake kira FATCA, wadda ta sa bankunan duniya su riƙa ba da labarin ajiyar 'yan ƙasarta. Ingila ce ta fara sa hannu a kan yarjejeniyar aiki da ita, a 2012, aka fara aiki a 2014. Shi ya sa yau in ka je buɗe ajiya ake tambayarka garin da aka haife ka. Bankin ɗan Alhaji bai yi masa sharri ba, doka ya bi.

Shi ma mai ajiya akwai abin da ke kansa. In jimlar kuɗin da ke cikin dukan ajiyarsa ta wajen Amurka ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne cikin shekara, sai ya cika wata takarda dabam ta intanet da ake kira FBAR. Ba a biyan ko kwabo a kanta, sanarwa ce kawai. Amma rashin cika ta yana da tara. Wanda ya bari bisa rashin sani, doka ta yanka har dala 10,000, kuma adadin yana ɗan hawa kowace shekara. A 2023, a shari'ar Bittner, babbar kotu ta ce wannan tara a kan kowace takardar shekara take, ba a kan kowace ajiya ba. Wanda ya ɓoye da gangan kuwa, tararsa tana iya kaiwa rabin abin da ke cikin ajiyar.

Abin da ya shafe mu a matsayin jama'a shi ne, wannan sanarwa ba ta tsaya ga kuɗin mutum na kansa ba. Ta haɗa da ajiyar da yake da ikon sa hannu a kanta. Mun saba mu ɗora wa yara masu ilmin boko riƙon asusun ƙungiya, ko kuɗin adashi, ko asusun jana'iza, ko mu sa sunan ɗa a ajiyar shago. In yaron nan ɗan Amurka ne, mun ɗora masa nauyin sanarwa ba tare da mun gaya masa ba. Haka kuma mai buɗe kamfani a nan Ingila: ɗan Amurka da ya mallaki kamfanin waje yana da wata takarda mai lamba 5471, wadda tarar rashin cika ta dala 10,000 ce a kowace shekara.

Wani zai ce, to a yi shiru mana, wa zai biyo mu Church Street? Amsa ita ce shiru ba ya kashe wannan bashi. Wanda ya cika takarda, galibi bayan shekara uku an rufe lissafin wannan shekara. Wanda bai cika ba, lissafinsa a buɗe yake har abada. Kuma tun Disamba na 2015 akwai dokar da ta ba da ikon hana fasfo ko ƙwace shi in bashin haraji ya yi yawa, adadin da ya kai dala 64,000 a 2025. Fasfon da muka yi murna da shi ran suna, shi ne abin da ake riƙewa.

Amma ƙofar gyara a buɗe take. Tun 2014 hukumar IRS ta faɗaɗa wata hanya ta sauƙi domin mazauna waje waɗanda suka bar cikawa bisa rashin sani. Mutum ya cika takardun haraji na shekara uku da suka wuce, da FBAR na shekara shida, ya rubuta bayanin dalilinsa da gaskiya a takarda mai lamba 14653, ya biya abin da lissafi ya nuna da ruwansa in akwai. In ya yi haka babu tara. Sharaɗin shi ne ya zo da ƙafarsa tun hukuma ba ta fara bincikensa ba. Wanda kuma ya ga fasfon ba shi da amfani a gare shi yana iya ajiye zama ɗan ƙasa a gaban jami'in jakadanci, amma sai ya shaida a takarda mai lamba 8854 cewa lissafinsa na shekara biyar a gyare yake. Wannan shawara ce babba, ba a yanke ta cikin fushi, domin in an ajiye ba a ɗauka kuma.

A da mai tambaya yakan tsallaka Oxford Street daga Marylebone ya isa Grosvenor Square, inda ofishin jakadancin Amurka yake, har da teburin ma'aikatan haraji a ciki. An rufe wannan tebur a 2015, ofishin jakadancin kansa ya tashi zuwa Nine Elms, hayin kogin Thames, a Janairu na 2018. Saboda haka yau sai dai a nemi akanta, kuma a tambaye shi tun a bakin ƙofa ko ya san dokar ƙasashen biyu. Akanta da ya ƙware a harajin Ingila kaɗai yana iya ba ɗan Amurka shawarar da za ta cuce shi da kyakkyawar niyya. Misali, ajiyar ISA da Ingila ba ta karɓar haraji a kanta, Amurka ba ta san da wannan yafiya ba.

Shawararmu ga dattawa ita ce kowane mai gida ya zauna ya duba takardun haihuwar 'ya'yansa da jikokinsa, ya san wanda aka haifa a Amurka. Ya gaya wa yaron tun kafin ya fara sana'a. Kafin a tura shi gida riƙon shago, a zauna a yi lissafin kashi 15.3 ɗin nan. Kafin a sa hannunsa a asusun jama'a, a tambaye shi, in ya yarda ya ɗauka da saninsa. 'Yan kasuwa kuma a riƙa rubuta shiga da fita kowane wata, a adana rasit. Ko da ajami mutum ya rubuta littafinsa, in lambobin sun fito daidai akanta zai iya aiki da su.

Ɗan Alhaji dai ya sami akanta, ya fara tattara takardunsa na shekara uku. Alhaji kuma ya ce maganar tura shi Kumasi a dakata tukuna sai an ga abin da lissafi ya nuna. Mun ce masa wannan shi ne daidai, rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a.